Takarda mai layi biyu

Baba bai taɓa shiga gidana na Kura ba. Da bashin banki na gina shi, na shekara goma, lokacin ina koyarwa a firamare, wayar hannu ma ba ta gama shigowa gari ba. Ranar tarewa ya zo, ya tsaya a ƙofa, ya ce, "Gidan da ruwa ke hawa kansa, ba na kwana a ciki. Ka gama biya, zan shigo." Har ɗaki na yi masa kusa da zaure, da tagar da ke kallon gabas. Ko sunan 'ya'yana aka yi, a waje yake shimfiɗa buzunsa.

Malamin lissafinmu ne ya zaunar da ni ya buɗe min ido. Ya ce kuɗin ruwan nan a kan abin da ya rage na uwar kuɗi ake lissafa shi, duk wata. In ka ƙara wani abu a kan biyan da aka yanka maka, uwar ta ragu, ruwan ya ragu, shekarun ma su ja baya. Ya zana min a allo: da ribar tumatir kaka uku ko huɗu, sai in gama a shekara shida.

Ai ban tsaya ba. Na kama hayar gona a bakin kanal wajen Bunkure, ana tashi daga makaranta sai kan babur. Ban-ruwa, feshi, faɗa da dillalai a kan farashin kwando, babu wanda ban sha ba. Duk ƙarshen rani in ɗaure kuɗi a leda in kai banki a Kano, in miƙa wa mai karɓa, ya buga hatimi, in yi godiya in fito. A wajenmu haka ake yi. In ka kai wa mai taki kuɗinsa, ba ka tsaya kana cewa na mene ne, ya san abin da ke tsakaninku. Bayani ma sai ya zama kamar ba ka yarda da shi ba.

A kaka ta uku na ce bari in ji saura nawa. Ma'aikacin ya duba ya ce, "Malam, saura shekara bakwai."

"Bakwai kamar yaya, yallaɓai? Kuɗin tumatirina fa?"

"Suna nan a ajiyarka, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Ai ba ka rubuto ka ce a cire daga uwar kuɗi ba."

Wallahi raina ya ɓaci. Haba jama'a! Mutumin da kuke bi bashi ya yi ta kawo muku kuɗi shekara uku, ku ɗauka adashe yake yi? Kuɗina na kwance suna barci, ruwa kuma yana ta hawa kan bashin kamar ban taɓa ƙara sisi ba. Na yi masifa har maigadi ya leƙo. Shi kuwa sai ya turo min farar takarda da biro. Layi biyu na rubuta, layi biyu kacal, da sa hannu.

A hanyar dawowa kaina na fi jin haushi. Ni ne fa malami, ni ke ce wa yara wanda bai gane ba ya ɗaga hannu.

An cire, shekarun sun ja baya, amma ruwan da aka riga aka ci ya tafi. Malamin lissafi ya sake bugawa, ya ce shirun nan ya ƙara min wajen wata takwas. Da na gaya wa Baba, cewa kawai ya yi, "To, Allah ya kai mu."

Wata huɗu da rasuwarsa takardar gama biya ta fito. Ɗakin yana nan, albasa nake zubawa a ciki.