Gwangwanayen Baba Nomau

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni, Shugaban Manoman Rani na Arewa baki ɗaya, da safen nan labari ya iske ni a ofis: Baba Nomau na Morai ya rasu.

Shekara da shekaru shi ke kula da famfunan feshin ruwa a lambun wani Alhaji, masu jawo ruwa daga kanal, babbar magudanar noman rani. Kullum bayan asuba sai ya bi kawunan ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe wanda ya karkace, ya zare ciyawar da ta toshe wani. Sannan ya jera gwangwanayen tumatir a cikin fangali. In ruwa ya zo daidai a kowanne, aiki ya yi.

Akwai wani shaƙiyyi cikin ma'aikatan lambun. Baba kan raba fura da shi, ya ce, "Sha, ɗiyana, rana ta yi."

Shaƙiyyin nan ne ke murɗe kan famfon da ke bakin hanya don ya jiƙa 'yan acaba masu zuwa Mafara, shi yana bayan dalbejiya yana dariya. Kafin Baba ya zagayo sai ya mayar da kan, ya cika gwangwanayen wurin da ruwan butarsa.

Gwangwani cike, irin albasa na bushewa.

Fangali huɗu suka ƙone. Alhaji ya ce idon Baba ya mutu, ya sallame shi a gaban kowa. Shaƙiyyi yana tsaye, ya bar shi ya tafi da laifin.

Watan jiya suka haɗu a kasuwar Talata. Baba ya riƙe hannunsa, ya yi murmushi.

"Ruwan kanal ja ne, ɗiyana. Na gwangwanin nan fari tas nika iske shi."

"Baba, ashe ka sani? Don mi ba ka faɗi ba?"

"Kai aure za ka yi. Ni mi ya rage min?"

Shaƙiyyi ya ce zai je wurin Alhaji ya wanke shi. Kullum gobe.

Jama'a, babu wani shugaba, babu ofis. Na san in kun ga sunana a sama za ku ɗauka wata tsokanar ce ku wuce. Ni ne Lawali. Ni ne shaƙiyyin.

Alhaji, idon Baba lafiyarsa lau. Ni na ƙona albasar.

Allah Ya jiƙan Baba Nomau, Ya shayar da shi ruwan Alkausara. Don Allah ku yi masa addu'a. In ta ragu, ku sa ni.