Bindigar da Ba Ta Hutawa

A shekarun da council, wato ƙaramar hukuma, ke rufe komai, har da laburaren unguwarmu ta Balsall Heath a Birmingham, Hajiya Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga gida ta yi sanyi tare da mu. Murhu dai babu. Hita muke kewayewa bayan magariba, ita kuma ta ƙudundune cikin bargo tana zagin sanyin Ingila kamar yana jin Hausa.

Gizo bai dame ta ba. Labarin Barde Jatau take so, wanda ya ja mutanen garinsu ranar da Turawa suka zo. Barde ya san bindiga, amma irin ta maharba, wadda in ta tashi sai an sake ɗura ta. Don haka ya ce wa dakarunsa su kwanta har a yi harbin farko, sannan su auka kafin a gama ɗuri. Da wannan dabara ya ci yaƙe-yaƙe a baya. Aka yi harbi, maza suka miƙe a guje, bindigar Turawa kuwa ba ta tsaya ba.

Barde bai yi gardama da abin da idonsa ya gani ba. Ya ware samari, har da kakan Hajiya, ya ce su kwashi mata da yara su hau dutse. Suka ƙi, wai tare za a mutu.

"Sai ya ce musu, in kun mutu, wa zai faɗa?" A nan muryar Hajiya kan yi kauri. Shi da dattawa suka shimfiɗa buzunsu a ƙofar gari, alamar ba gudu, suka tare hanya har yara suka ɓace.

Wata rana Baba ya dawo daga asibiti ya tarar ana tsakiyar yaƙi.

"Hajiya, don Allah a bar wannan. Yarinyar nan za ta je school ta maimaita, ga takardun zamanmu ba su fito ba."

Na zaci an rufe labarin ke nan.

"Likita," ta ce, haka take kiransa in za ta zaunar da shi, "kakana bai hau dutsen nan don in zo Birmingham in yi shiru ba. A garin Turawan ma ya fi daɗin faɗa. Ka zauna ko ka wuce."

Baba ya zauna, ko jakarsa bai ajiye ba.

Yanzu ina aiki a Manchester, na san irin tsoron Baba, ban kuma ga laifinsa ba. Bayan rasuwar Hajiya na nemi sunan Barde a littattafan jami'a, ko sau ɗaya ban gan shi ba. Na ji haushi sosai, sannan na gane aikin ya dawo kaina. 'Ya'yan yayata nake tarawa in faɗa musu, ko da rabin Hausar na wuce su. Ƙaramin ya taɓa tambayata ko mun ci yaƙin. Na ce ba mu ci ba, amma ba a gama da mu ba, tunda ga ka nan zaune kana ji.