Ƙwallon da Ke Jan Jela

Ana idar da sallar asuba muka bar Zango, ni da wani dattijo da ya fi kowa mita a gidan kallon ƙwallona. Talabijin ɗina ce ta fitar da mu. Da an buga ƙwallo sai ya ja jela a bayansa, in kuma inuwa ta rufe rabin fili, 'yan wasan su haɗe su zama baƙin dunƙule guda. Masu kallo sun fara zamewa zuwa sabon gidan bayan kasuwa, ni kuwa da ɗakin nan nake ciyar da iyalina. Gaskiya hankalina ya tashi.

Motar hayar da muka shiga ta cika maƙil, har da akuya a but. Gero ya yi tsawo hagu da dama, kuɗin mota ma bai bari an bar shi a baya ba. Dattijon ya yi ta caccakar direba har muka shiga Daura, inda koko da ƙosai suka rufe masa baki na ɗan lokaci.

A shagon da muka je sayen sabuwa, duk talabijin ɗin wani fure suke nunawa, ko motsi ba ya yi. Kowacce ta yi kyau, har na fara taya wata ƙatuwa.

"Furen za mu zauna kallo ranar Asabar?" in ji dattijon. "Malam, sa mana ƙwallo."

Mai shagon ya yi dariya, ya sa. Nan take ƙatuwar ta fito da jelar da ta fi ta tawa.

"Baba, allon nan ƙananan ɗigon haske ne," in ji mai shagon. "Na wannan ba sa saurin juyawa daga duhu zuwa haske, shi ya sa tsohon hoto ke bin sabo."

Muka tsaya kan wata matsakaiciya, wadda ko a inuwa ana bambanta fuska da riga. A cinya na rungumo ta har gida, kowane rami sai na ji shi a ƙirjina.

Na dai koyi cewa abin da aka saya don gudu, a guje ake gwada shi. Ranar Asabar da la'asar bencina bai cika ba, amma wasu sun dawo, suna leƙe daga bakin ƙofa. Da aka zura wa ƙungiyar dattijon ƙwallo ya miƙe a fusace, na ɗauka sabuwar talabijin ɗin zai yi wa mita. Sai na ji golan yake zagi, ko kallon talabijin ɗin da laifi bai yi ba.