Hoton Jikokin Inna

Ko yau aka tashe ni daga barci aka tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai a zamana na Libreville, maganar hoton jikokin Inna zan kawo. Har in mutu ba na jin zan manta da shi, musamman da yake laifin nawa ne ni kaɗai.

Inna mahaifiyarmu ce, tana can gida Najeriya. Ni da yayyena biyu muna nan Gabon. Babban Yaya yana da shago a unguwar Nzeng-Ayong, ni ke taya shi, ɗayan kuma yana zaune a garin Ntoum da iyalinsa. 'Ya'yanmu duk a nan aka haife su, Inna ba ta taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba. Idonta kuma ya yi rauni, in aka nuna mata hoto a waya sai ta ce inuwa kawai take gani. Shi ne Yaya ya ce ranar Sallah a tara yaran a ɗauke su, a wanke hoton ƙato, kusan mita guda. Wani maƙwabcinmu Alhaji zai tafi gida bayan Sallah da mako ɗaya, shi zai kai mata.

Ni na yi tsalle na ce a bar mini aikin. A lokacin na sayi wata kyamara ta hannu, ina ji da kaina kamar ni na ƙera ta. Katin da ke cikinta ƙarami ne, ni kuma ina so in ɗauki kowa a filin Idi a san ina da kyamara. Sai na shiga saitinta na mayar da girman hoto zuwa mafi ƙanƙanta, don kati ya ɗauki hotuna da yawa. Na ga gargaɗin da ta nuna, na danne shi. A ɗan gilashin kyamara hoton yaran ya fito tas, kowa ya yaba, ni kuma ina ta hura hanci.

Bayan kwana huɗu na kai katin unguwar Sotega, wurin wata yarinya mai shagon wanke hoto, 'yar wani Malami ɗan Nijar, haihuwar nan. Ta buɗe hoton a kwamfuta, ta dube ni.

"Kawu, wannan ba zai yi mita guda ba. Ko girman littafi da ƙyar."

Na ce ta daina kawo mini Faransancinta, ta wanke kawai. Ta yi murmushi ta nuna hular da ke kaina. Ta ce hoto kamar aikin hula yake, ɗigo-ɗigo ne aka jera. Nawa ɗigon kaɗan ne, in aka ja shi ya yi faɗi, babu inda za a samo ƙari. Da na ƙi ji, sai ta wanke mini fuskar yaro ɗaya a girman da nake so. Wallahi ban gane ɗana ba. Fuskar ta zama murabba'i-murabba'i kamar tayil ɗin banɗaki, idanun kuwa tabo biyu ne baƙaƙe.

A nan na ƙara laifi a kan laifi. Na koma shago na ce wa Yaya injin yarinyar ne ya lalace. Ya ce to, in kai wani wuri. Na zaga shaguna biyu, duk magana ɗaya suka faɗa mini. Ga Alhaji zai tashi ranar Alhamis, ga mu a Talata. Abin da ya karya ni shi ne wayar da Inna ta yi da rana, ina jin muryarta tana ce wa Yaya ta sa an buga ƙusa a bangon ɗakinta, wurin da haske ke shigowa.

Da ya ajiye wayar na durƙusa a gaban buhunan shinkafa na ce, "Yaya, ƙarya na yi maka. Injin lafiyarsa ƙalau. Ni na ɓata hoton tun ranar Sallah."

Na yi zaton zagi zai biyo baya. Sai ya ce, "Kai dai tun kana yaro haka kake, ka fasa tulu ka ce akuya ce. Tashi ka kira na Ntoum."

Washegari Laraba, ranar aiki tsakiyar mako, aka sake yi wa yara wanka, aka zaro kayan Sallah daga akwati. Na Ntoum suka cika taksi suka iso, matar yayana tana faɗa tun daga bakin titi, wai lallen 'yarta ya goge saboda wani mai kyamara. Maƙwabta 'yan Gabon suka fito suna tambaya ko wata Sallar ce ta sake zuwa. Yaya ya nuna ni ya ce, "Sallar ƙanena ce."

'Yar Malam da kanta ta zo. Ta karɓi kyamarar, ta share tarkacen hotunan da na cika katin da su, ta mayar da saitin zuwa mafi girma, sannan ta miƙo mini ta ce, "Kawu, yanzu ɗauka." Kafin la'asar ta warware mana hoton a kan tebur. Har gashin girar jaririyar Ntoum ana iya ƙirgawa. Na jingina da bango na ce Alhamdulillahi.

Ranar Alhamis Alhaji ya tafi da hoton, bayan 'yan kwanaki Inna ta kira. Ta ce tana tsaye gaban hoton, tana bin fuskokin da yatsa. "Wannan na gefe mai kunnuwa, ai ɗan autana ne ya haife shi. Ko a kasuwa na gan shi zan gane." Ɗana take nufi. Hawaye suka zubo mini a tsakiyar shago.

Tun daga ranar, kafin in danna kyamara sai na tambayi girman da za a wanke hoton, in duba saiti sau biyu. Kuma na gane cewa kwana ɗaya da na ɓata ina kare ƙaryata shi ya kusa barin ƙusar Inna babu komai a kanta. In ka yi ɓarna, faɗe ta tun ana iya sake tara yaran.