Inuwar da Na Zana a Ƙofar Tsohuwa

Ni mutumin inuwa ne. A garinmu, can arewacin Najeriya, idan za a yabi gida sai a ce akwai bishiya a ƙofarsa, kuma in ba mai shanya barkono ba, ban san wanda ke neman rana da tsakar rana ba. Da na samu aiki a wani kamfanin zanen gine-gine a Doha, sai na tarar nan ma ra'ayin ɗaya ne. Ofishinmu yana Mushairib, unguwar da aka matse titunanta da gangan don kowane gini ya kare maƙwabcinsa daga rana. Duk zanen da za mu miƙa sai mun haɗa da shafin da ke nuna inda inuwa za ta faɗa safe da yamma, kuma in aka zo wannan shafi ni ake nema. Na daɗe ina hura hanci da haka, kamar ni na ƙirƙiro inuwar.

Wata Lahadi da safe shugaban sashenmu, wanda kowa ke kira Mudir, ya tara mu ya ce an samo sabon aiki. Wasu attajirai sun sayi kaso a wani wurin shaƙatawa na kan dutse, a wata ƙasa mai tsananin sanyi, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, suna so a faɗaɗa shi. Ni dai a lokacin ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin firji. Da aka nuna mana wasan a allo, na ga mutum ya ɗaura dogayen falankai biyu a ƙafa, an ja shi zuwa ƙolin dutse, ya sulalo ƙasa a guje, ya sake komawa layi. Na ce a raina lallai ƙoshi yana sa mutum abubuwa.

Akwai wani dattijo a ofishin, mai zane ne, ya girme mu duka, ina kiran shi Baba. Ashe wurin nan a ƙauyensu yake. Tare muke sallar azahar, tare muke cin abincin rana, shi da burodinsa da cuku, ni da abin da uwargida ta zuba mini a kwano. Tun da aikin ya zo sai ya fara zuwa da wata tsohuwar ambulan cike da hotuna, kullum ya zaro ɗaya ko biyu. A bakinsa na ji tarihin wurin, loma-loma, cikin makonni.

Ya ce ƙauyen nasu na makiyayan tumaki ne, yana zaune a gefen kwarin da ke kallon rana. Ɗaya gefen, wanda rana ba ta cika leƙawa, babu mai so, don ƙanƙara tana kwana a can har ciyawa ta fito ko'ina ba ta narke ba. Kakanninsa ma suna ɗaura katako a ƙafa, amma don su kai wa dabbobi harawa ne, ba don nishaɗi ba. Sai wani likita daga birni ya fara zuwa da abokansa ranakun hutu, su hau wancan gefen da ƙafa, su zamo, mutanen ƙauye suna tsaye suna yi musu dariya. Daga baya likitan ya kawo injin wata matacciyar tarakta, aka ɗaura masa doguwar igiya mai jan mutane sama. Mahaifin Baba ne aka ba kula da injin, kuma igiyar ta ci masa yatsa ɗaya.

Bayan haka gwamnati ta shimfiɗa kwalta, aka kafa turakun ƙarfe, aka rataya kujeru a waya suna hawa da sauka. Otal ya zo, wani ya biyo shi. 'Ya'yan makiyaya suka sayar da tumaki suka koma koya wa baƙi zamiya, mata suka riƙa gasa burodi suna sayarwa ta taga. Da sama ta fara rowar ƙanƙara a wasu shekarun, sai aka kawo injuna masu fesa ta roba. Gefen da a da ko kyauta aka ba ka sai ka yi fushi, shi ne ya zama dukiyar garin. Baba yana ba da labarin nan ba yabo ba zagi. Abin da kawai yake tsayawa a kai shi ne wani ɗan lungu mai hawa, a ƙasan ƙauyen, inda gidansu yake, inda mahaifiyarsa take zaune har lokacin, ta tsufa tukuf.

Rabona a aikin shi ne gidan ajiye motoci mai hawa biyar. Wuri biyu ne za a iya kafa shi. Ɗaya yana gabas, bakin rafi, sai an fasa dutse an yi haƙa mai yawa. Ɗayan yana kudu da lungun su Baba, fili shimfiɗaɗɗe. A makon da zan zaɓa Baba ba ya nan, ya tafi a cire masa yanar ido. Na ɗora ginin a filin kudu cikin kwamfuta, na kunna rana, sai ga inuwa ta kwanta luf a kan lungun, tun daga ƙasa har sama, ta rufe ƙofar gidansu. Wallahi daɗi na ji. Na ce tsohuwa ta huta, ga inuwa har ƙofa ba tare da ta dasa ko tsinke ba. Mudir ya ga babu fasa dutse, ya ce, "Yalla," wato mu je, ya sa hannu. Attajiran masu aikin ma suka sa nasu, don su otal da gangaren zamiya kawai suke dubawa.

Ranar da Baba ya dawo, da baƙin tabarau a ido, ban bari ya gama shan shayi ba na jawo shi gaban kwamfutata.

"Baba, zo ka ga tsarabar da na yi wa Hajiya."

Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ɗana, wane wata ka sa?"

Na ce watan zafi mana, shi muke sawa kullum.

"Mai da shi tsakiyar sanyi."

Na mayar. Rana ta yi ƙasa can kudu, inuwar ta miƙe ta yi tsawo. Na riƙa matsar da agogo daga safe zuwa la'asar, ba ta ɗaga daga lungun ba ko na minti ɗaya. Baba ya jawo kujera ya zauna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a wajensu, wata uku na sanyi, ranar nan da ke shigowa lungu daga hantsi zuwa azahar ita ce take narkar da ƙanƙarar matakala. Inda ba ta taɓa ba, sai ya daskare ya yi santsi har bazara. Ita ce kuma take fito da tsofaffi daga ɗaki. Mahaifiyarsa gwiwoyinta sun ƙi, murhu ba ya yi mata komai, amma in aka zaunar da ita a jikin bangon ƙofa rana ta dake ta, sai ta iya miƙe ƙafa, ta yi hira da maƙwabta. Ya ce saboda ranar nan kakansa ya gina gidan a wurin, bai gina a bakin rafi ba. Da ya gama sai ya cire tabarau ya goge, ya koma teburinsa.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji a wurin aiki ba. Da yamma na koma gida a unguwar Bin Mahmud, na kasa cin abinci, na kwashe labarin na faɗa wa uwargida, ina ta kare kaina cewa ai ba a haife ni a ƙanƙara ba. Ta bar ni na gama tsaf.

"Abban yara, kada ka ɗora wa ƙanƙara," ta ce. "Inna ba ta shan hantsi lokacin sanyi? Ba kai kake fitar mata da tabarma bayan ɗaki ba in mun je gida? Ka sani sarai. Tambaya ce dai ba ka yi ba."

Kwana nawa na yi ina cin abinci da Baba, lambarsa tana wayata, amma na fi son in ba shi mamaki a kan in kira shi.

Washegari na shiga wurin Mudir na ce na yi kuskure, a mai da ginin gabas. Ya dube ni kamar na ce a ɗauko dutsen a kawo shi Doha. Ya ce, "Khalas, ya Muhandis," wato zance ya ƙare, injiniya, "an sa hannu, an ba da kwangilar tushe." Ya ƙara da cewa lungun ba ya cikin filin masu aikin, kuma babu wata doka a can da muka taka. Gaskiya ya faɗa, ita ce ma ta fi ba ni haushi. Na fita na yi kwana huɗu ina neman maganar da attajiri zai saurara, tun da na san ta tsohuwa ba za ta shiga kunne ba. Na samo guda. Baƙi ta lungun nan suke bi su sayi burodi, in ya daskare wani zai faɗi ya karye, sunan wurin ya ɓaci. Na rubuta haka, na sa sunana a ƙasa a matsayin wanda ya yi kuskuren, na nace sai an aika.

An kai wata biyu ana kai da komo. A ƙarshe suka yarda a nutsar da hawa ɗaya ƙarƙashin ƙasa, a ɗan ja ginin baya. Na sake kunna ranar sanyi, Baba yana tsaye a bayana. Saman lungun ya samu rana. Gidaje huɗu na ƙasa ba su samu ba, nasu shi ne na biyu daga ƙasa. Ya dafa kafaɗata ya ce ya gode, na yi ƙoƙari. Na so a ce zagina ya yi.

Bai daina cin abinci da ni ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Ambulan ɗin hotuna ce dai ta daina zuwa. Aka yi gini, hotuna suna zuwa mana daga can, Mudir yana manna su a bango. Da aka kusa buɗe wurin, Baba ya ajiye aiki. Ya ce ya gaji da zafin Doha, idonsa kuma ba ya son allo. Muka yi masa 'yar walima a ofis, na raka shi filin jirgi, na kuma yarda da dalilin da ya bayar, don shi ya fi mini sauƙi.

Wata Juma'a cikin sanyin da ya biyo baya, na dawo daga masallaci kenan, sai ga kiransa ta bidiyo. Ya sha riguna har ba na ganin wuyansa, numfashinsa yana fita kamar hayaƙi. Ya juya wayar ya nuna mini wancan gefen dutse, kujeru suna ta hawa cike da mutane, wasu suna zubowa ƙasa cikin kaya masu launi. Ya nuna mini ginina, motoci har saman rufi. Ya ce wurin ya karɓu, samarin ƙauye duk sun samu aiki. Sannan ya ce in ɗan jira, lokaci ya yi, ya miƙa wa matarsa wayar.

Na ga ƙofar gidan cikin duhu-duhu, an barbaɗa toka a matakala saboda santsi. Can sai ga Baba ya fito a sunkuye, goye da mahaifiyarsa, an naɗe ta da bargo, hannayenta a wuyansa. Mutumin da shi kansa ya kai a goya. Ya riƙa hawa lungun a hankali, yana dafa bango, yana tsayawa ya huta, har ya wuce gida na huɗu, inda hasken ya fara. Wasu tsofaffin mata suna jere a kan benci, suka matsa, ya sauke ta a tsakaninsu. Ta ɗaga fuska ta lumshe ido. Matarsa ta ce mini, cikin ɗan Larabcin da ta iya, kullum haka yake yi, ya kai ta da hantsi ya ɗauko ta bayan azahar, don ta ƙi yarda kowa ya goya ta sai shi.

Da ya samu numfashi ya karɓi wayar, ya kai ta gaban tsohuwar. Ta tambaye shi wani abu da yarensu, ya amsa, sai ta ɗaga tafukanta biyu ta fara magana, sauran matan suna cewa amin.

"Baba, me take cewa?"

"Addu'a take yi maka, ɗana. Na gaya mata kai ne injiniyan da ya yi faɗa har aka rage hawa ɗaya."

"Iyakar abin da ka gaya mata kenan?"

"Iyakarsa kenan."

Ta daɗe tana yi, ta haɗa da iyayena da 'ya'yana. Ina tsaye a falo da kayan Juma'a, na buɗe baki in ce ya faɗa mata wanda ya ajiye ginin a wurin tun farko. Sai na ji kaina ina cewa amin tare da matan.