Katin da Ba Sunanta Ba

Abubuwa da yawa sun wuce ni a duniya, wasu ma in an tuna mini sai in ce yaushe aka yi haka. Amma shekarar da aka sauya lambobin cututtuka a asibitin yayan maigidana, wannan kam ina jin da ita za a binne ni.

Asibitin ƙarami ne, a nan Aliero, bangonsa ɗaya da gidanmu. Ni ba ma'aikaciya ba ce, aji uku na yi a firamare aka cire ni. Abin da na iya shi ne dama kunu, in kai wa masu jiran layi, in zauna a bakin ƙofa ana hira. Ba na son fita ko nan da kasuwa, amma duk wanda ya shigo asibitin nan na san muryarsa, na san ta uwarsa.

Wata rana Likita, wato yayan maigidan nawa, ya dawo daga taron kwana uku a Jega da wani littafi mai kauri. Ashe kowace cuta tana da lambarta, ita ake rubutawa a katin majinyaci, ita ake aikawa ofishin lafiya. To an ce tsofaffin lambobin sun tashi aiki, kowane kati sai an ba shi sabuwa an shigar da shi kwamfuta. Aikin ya faɗa kan Madam, mai kula da katuna, wata Kirista da aiki ya kawo ƙasarmu. An ba ta takarda mai layi biyu, tsohuwar lamba a hagu, sabuwa a dama. Da ta ga dama sai ta yi ta kwafewa ta huta. Ita kuwa ta ce ba ta yarda ba, sai ta karanta kowane kati tun daga sama har ƙasa. Kuma Allah ya yi ta da karatu a bayyane, kamar mai bitar allo.

A lokacin har tsiya nake yi mata. "Madam, wannan kati kike karantawa ko wa'azi kike yi muna?" Ta ce, "Inna, ki bar ni, in ban ji da kunnena ba kaina ba ya ɗauka."

Ranar Laraba ce da hantsi, na kawo mata kunu na zauna ina gyaran zogale. Sai na ji ta ambaci sunan wata yarinya daga Jiga Birni, da sunan ubanta manomin albasa, ta ce ciwon sikila. Na ɗaga kai.

"Madam, sake faɗin sunan nan."

Ta sake.

"Wannan ai ƙanwar ce. Lafiyarta lau, da idona na gan ta ta ɗauko kwandon albasa a ka. Mai ciwon yayarta ce."

"Inna, shekara da shekaru da katin nan ake ba ta magani."

"Awo, da shi ake ba ta. Amma ba sunanta ba ne. Kin taɓa jin uwar ta kira ta? Sai dai ta ce 'wannan yarinyar'. Ƙaramar ce take kira da suna."

Madam ta ajiye biro. Ni ma a nan ne abin ya warware mini. Yarinyar ɗiyar fari ce, kuma a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, alkunya ce. Ranar da aka fara kawo ta, mai katin da ke nan kafin Madam ya tambayi suna, uwar ta yi shiru. Ya duba ya ga katin rigakafin ƙanwar a hannunta, ya ce ita ce? Uwar ta sunkuyar da kai, shi kuwa ya rubuta. Da can wannan bai dami kowa ba, don fuska muke bi. Amma Madam ta ce yanzu jerin masu karɓar maganin wata-wata daga kwamfuta zai fito, haka takardar tura majinyaci babban asibiti. Mai lafiya za ta shiga jerin, mai ciwo kuwa babu ita ko'ina.

Likita ya ce ba ya gyara kati a kan hirar bakin ƙofa, a je a tabbatar. Gaskiyarsa. Washegari ni da ba na fita na yafa mayafi na hau bayan babur, Madam a wani, sai Jiga Birni.

Mun iske uwar da 'yan matan biyu tsakar gida suna tsince albasar da ta fara lalacewa. Bayan gaisuwa Madam ta nuna babbar ta ce, "Mama, yaya sunanta?" Uwar ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Madam ta sake tambaya, har da roƙo. Matar nan ta dubi ƙasa ta ce, "Ai kin gan ta." Na taɓa Madam na ce ta bari, ko mu kwana nan ba za ta faɗa ba. Na leƙa ɗakin tsohuwa, kakar yaran, na ce, "Iya, wannan ƙawar taki mi as sunanta?" Tsohuwa ta fito da sandarta ta rangaɗa sunan har maƙwabta suka ji, ta ƙara da cewa, "Raguwa ce, ko dakan fura ba ta iya yi min." Yarinyar ta ce, "Ke da ba ki da haƙoran cin tuwo." Aka yi ta dariya, Madam tana rubutu.

An gwada jinin su biyun, ya fito yadda na faɗa. Aka buɗe wa babbar katinta da sunanta da sabuwar lambar, aka goge ciwon daga na ƙanwar. Daga ranar Madam ta ƙara tambaya guda ga duk uwar da ta yi shiru: ɗan fari ne? In an ce e, sai ta nemi kaka ko gwaggo. Ta koma kan katunan da ta riga ta gama, ta kuwa sami wasu irinsa.

Da sanyin shekarar ya shigo ciwon ya tasar wa yarinyar sosai, aka wuce da ita babban asibiti. Uban ya gaya mini suna faɗin sunanta aka ga komai nata, ba a tsaya tambaye-tambaye ba. Yau tana nan da ranta, ita ke zuwa karɓar maganinta da kanta, kuma ba ta wuce ƙofata ba ta sha kunu ba.

Madam ta koma garinsu tuni, amma ban daina yi mata addu'a ba. Da ta bi layin hagu da dama ta kwafe a shiru, da kunnena bai amfani kowa ba. Abin da na koya ke nan: in aikin mutane ya zo hannunka, kada ka yi shi a gaggauce don ka huta, kuma ka saurari wanda ke zaune a bakin ƙofa, ko da aji uku ya yi.