Ba Mu da Mace Soja a Garin Nan

Badiyya 'yar Malam Muhuyi ce, mutumin Ɗansoshiya ta ƙasar Kiru. Iyayensa na cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga garinsu, kuma tun daga lokacin 'yan gidan suke tsoron bakin mutane, kamar har yau su baƙi ne. Ita ba ta gado wannan ba. Tana 'yar shekara goma take hawa tsamiyar da maza ke kewayewa.

Da ta gama makarantar jinya, sai ta shiga soja ba da shawarar kowa ba. Malam Muhuyi bai hana ta ba, sharaɗi ɗaya ya gindaya mata: kada a kuskura a gan ta da kaki a garin. Shekara shida, in ta zo hutu kakin yana ƙasan jaka. Wanda ya tambaya sai a ce tana aikin asibiti a Kaduna. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, kuma mutanenmu gwanaye ne wajen zama da rabin gaskiya.

A shekara ta bakwai motarsu ta taka nakiya a wani daji can arewa maso gabas. Su biyu suka rayu, ita da direban, Uzairu ɗan Burumburum. Shi ya rasa yatsu uku, ita ƙafar hagu daga gwiwa. Sai da ta ɗaure masa hannu sannan ta duba tata ƙafar. Da aka kawo ta gida, aka ce wa maƙwabta hatsarin mota ne.

Uzairu katinsa na soja kawai ya nuna aka ba shi diyya, har da kason iyali, ya sayi injin ban-ruwa. Ita kuwa ofishin biyan diyyar ya ce mace sai ta kawo shaidar miji ko uba, wai don a san wanda ke riƙe da ita. Miji dai babu. Da diyyar nan za a yi mata ƙafar roba, in babu ita sai sanda har ƙarshen rayuwa.

Ranar da aka turo mai tantancewa tana asibiti wankin ciwo. Bawan Allah ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar, gaban jama'a, yana tambayar gidan su Kofur Badiyya. Mai unguwa ya san komai. Ya dubi Malam Muhuyi, ya ga ya sunkuyar da kai, sai ya yi masa kara.

"Ba mu da mace soja a garin nan," in ji shi.

Mutumin ya rubuta, ya sha ruwa, ya kama hanya. Aka rufe fayil.

Wata takwas tana sintiri kafin a yarda a sake dubawa, sau ɗaya tak, in uban ya zo da kansa. Ya kuwa zo, cikin babbar rigarsa ta Juma'a. A kan bencin jira akwai tsofaffin sojoji, biyu daga cikinsu 'yan Kiru ne, har sun gaisa da shi sun tambayi damina.

Jami'in ya ɗaga biro. "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan 'yarka ce?"

"Ta gidana ce, ranka ya daɗe."

"Soja ce?"

Malam Muhuyi ya waiga ya dubi bencin. Ya gyara hularsa da ba ta karkace ba.

"Tana dai aikin asibiti."

Jami'in ya ɗan jira. Da bai ji ƙari ba, ya ajiye biron ya kira na gaba.

Badiyya ta laluba zuciyarta ko za ta sami fushi, ba ta samu ba. Baƙin cikin ma babu. Abin da ta ji kawai shi ne hammatarta na zafi inda sandar ke gogarta. A bakin ƙofa ita ce ma ta ce masa, "Baba, a hankali, akwai matakala."

Suka nufi tasha. Sai da suka tsaya jiran motar Kiru sannan Malam Muhuyi ya matso kusa da ita, ya rage murya, irin ta mai lallashi.

"Ki yi haƙuri. Ai ko ba komai, har yanzu ba wanda ya sani."

"Haka ne, Baba," in ji Badiyya. Da motar ta iso, ta dafa ƙofarta, ta miƙa wa direba sandarta ya sa a but.